Takubban Ƙungiyoyin Zumunta na Amurka: Yadda Ake Gane Su da Abin da Ke Yanke Musu Farashi

A Amurka, idan dattijo ya rasu magada suka shiga fitar da kayan da suka daɗe jibge a saman rufi ko a ɗakin ƙasa, ba abin mamaki ba ne a ci karo da wata doguwar jakar fata da ta bushe ta tsattsage, a kwance maɗaurinta a tarar da takobi a ciki. Kubensa na ƙarfe ne mai sheƙi, ƙotarsa fara ce kamar hauren giwa, a ƙarshen ƙotar an ƙera kan jarumi sanye da kwalkwali, sannan wata siririyar sarƙa ta taso daga haɓar kwalkwalin ta sauko zuwa makarin hannu. Idan aka zare shi, sai a ga ruwan takobin cike da zane tun daga gindi har kusa da tsini: mahaya dawakai riƙe da masu, tantuna, ganuwar birni, gicciye a cikin kambi, a tsakiya kuma an rubuta sunan wani mutum da manyan baƙaƙe masu ƙawa. Mai gado yakan ɗauka ya tsinci dami a kala, wani ma har ya fara zaton takobin ya halarci yaƙe-yaƙen Salibiyya, amma da ya kai shi gaban dillalin kayan tarihi sai ya ji tayin da bai wuce dala ɗari ko ɗari biyu ba. Yawanci ba cutarsa dillalin ya yi niyyar yi ba, domin irin wannan takobi yana da yawa ƙwarai, kuma dalilin yawansa yana cikin tarihin waɗanda suka rataya shi.

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, ƙungiyoyin zumunta na maza suka bunƙasa a ƙasar fiye da kowane lokaci. Ƙungiyoyi ne masu rassa a gari-gari, kowane reshe da zaurensa, da rantsuwar shiga, da matakan girma da ɗan ƙungiya yake hawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi jan talakan ma'aikaci zuwa cikinsu shi ne taimakon juna, domin a zamanin da gwamnati ba ta da tsarin fansho ga kowa da kowa, ƙungiya ce take ba mutum ɗan abin kashewa idan ya kwanta ciwo, ta yi masa jana'iza, ta kuma tallafa wa matar da marayun da ya bari. A shekarar 1897 wani marubuci mai suna W. S. Harwood ya ƙiyasta a mujallar North American Review cewa 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai kusan miliyan biyar da rabi. Da yawa daga cikinsu tsofaffin sojoji ne da suka saba da kaki da fareti, don haka manyan ƙungiyoyin suka buɗe sassa masu kayan sarki, inda kowane mutum zai sayi riga da hula mai gashin jimina da ɗamara da takobi daga aljihunsa. A daidai wannan lokaci ne kuma masana'antun da suka yi ta ƙera wa gwamnati takubba lokacin yaƙi suka wayi gari babu kwangila, sai suka juya ga wannan sabuwar kasuwa, suna buga kundin talla mai hotuna da lambobi suna aikawa rassa. Mutum yakan zaɓi samfurin da aljihunsa zai ɗauka, ya aika da sunansa, a zana masa a jikin ruwan takobin. Haka aka yi ta yi har kimanin shekaru sittin, kafin durƙushewar tattalin arziki ta 1929 da shigowar kamfanonin inshora da tsarin fanshon gwamnati na 1935 su rage wa yawancin ƙungiyoyin ƙarfi.

Matakin farko wajen gane takobi shi ne a san ƙungiyar da ta mallake shi, kuma a nan aikin ba shi da wuya sosai, domin takobin da kansa yake faɗin asalinsa ga wanda ya san baƙaƙen da ke jikinsa. Wanda aka fi cin karo da shi shi ne na Knights Templar, wani mataki na Kiristoci zalla a cikin tsarin ƙungiyar zumunta ta Freemason, wanda aka kafa babbar majalisarsa ta Amurka a birnin New York a 1816. Alamarsa gicciye ne da ya ratsa ta cikin kambi, tare da jimlar Latin «In Hoc Signo Vinces», wato da wannan alama za ka yi nasara, wani lokaci kuma a ga ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Wannan suna ne yake ruɗar mutane, domin akwai mayaƙan Salibiyya masu irin sunan, waɗanda aka kafa wajen shekarar 1119 a Ƙudus, amma Paparoma Clement na Biyar ya rushe su tun 1312, aka ƙone shugabansu na ƙarshe, Jacques de Molay, a Paris a 1314. Tsakanin waɗancan da masu fareti a titunan Boston da Chicago akwai tazarar shekaru ɗari biyar, kuma abin da ya haɗa su bai wuce aron suna da alamomi ba.

Na biyu a yawa shi ne na Knights of Pythias, ƙungiyar da Justus H. Rathbone ya kafa a Washington a 1864, wadda ta ɗauko sunanta daga labarin Girkawa na wasu aminai biyu, Damon da Pythias, da ɗayansu ya ba da kansa jingina a madadin ɗayan. Shi ma yakan zo da kan jarumi mai kwalkwali, abin da ya sa masu sayarwa da dama suke sa masa sunan Templar bisa kuskure, amma idan aka duba makarin hannu ko kube za a ga baƙaƙe uku, F da C da B, waɗanda suke nufin abota da sadaka da kyautatawa. Idan kuma aka ga U da R tare da furen lili, to na sashen masu kaki ne da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1870. Ƙungiyar Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta na Amurka a Baltimore a 1819, ana gane ta da zobban sarƙa uku a sarƙe da juna da baƙaƙen F, L, T, na abota da ƙauna da gaskiya, sashenta na fareti kuwa, wanda aka kafa a 1885, yana ɗauke da P da M da kambi wanda takobi da sandar makiyayi suka gitta a cikinsa. Knights of Columbus ta Katolika ce, Fada Michael McGivney ya kafa ta a New Haven a 1882, amma matakinta na huɗu, wanda shi ne mai takobi, sai a 1900 aka fara shi, don haka duk wanda ya ce takobinsa mai kan Christopher Columbus a ƙota ya girmi wannan shekara, to bai san abin da yake riƙe da shi ba. Akwai kuma takobi mai lanƙwasa irin na Larabawa da jinjirin wata, wanda mai karatu Musulmi zai iya zaton daga Gabas ta Tsakiya ya fito, alhali na 'yan Shriners ne, waɗanda suka fara a New York a 1872 suka ari jar dara da sunayen biranen Musulunci don ado kawai. Bayan waɗannan akwai ƙananan ƙungiyoyi birjik, irin su Knights of the Maccabees masu baƙaƙen KOTM da hoton tanti, da Knights of the Golden Eagle masu gaggafa, da wasu da suka rayu shekaru kaɗan suka mutu.

Sanin shekarun takobi kuwa yana gindin ruwansa, wato wannan ɗan fili marar kaifi da ke manne da makarin hannu, inda maƙera suke buga tambarinsu. Sau da yawa wata 'yar fata ko datti yakan rufe wurin, sai an karkata shi ga haske an sa gilashin ƙara girma sannan rubutun ya fito. Amfanin tambarin shi ne kamfanonin sun yi ta sauya suna, suna haɗewa suna saye juna, kuma kowane suna yana da shekarunsa. Kamfanin Ames na garin Chicopee a jihar Massachusetts, wanda ya fi kowa suna a takubban soja, yana buga Ames Mfg. Co. kafin 1881, daga wannan shekara kuma sashen takubbansa ya zama Ames Sword Co. A Columbus ta jihar Ohio akwai M. C. Lilley, wanda ya fara a 1865 ya zama babban mai sayar da kayan ƙungiyoyi a ƙasar: tambarin The M. C. Lilley & Co. yana nuna tsakanin 1882 da 1925, The Lilley Co. yana biye da shi, sannan Lilley-Ames daga farkon shekarun 1930, bayan kamfanin ya riga ya haɗiye Ames, har zuwa 1951 da kamfanin C. E. Ward na garin New London a jihar Ohio ya saye shi. A Kalamazoo ta jihar Michigan, sunan Frank Henderson shi kaɗai yana nuna kafin 1893, Henderson-Ames kuma daga 1893 zuwa farkon shekarun 1930. Akwai Pettibone a Cincinnati da Horstmann a Philadelphia, kowanne da nasa jerin sunaye. Sai dai a lura cewa sunan da ke jiki ba kullum ne na maƙeri ba, domin 'yan kasuwa da yawa suna sayen takubba a sari ne su sa a buga musu nasu sunan.

Wani abin da yake taimakawa shi ne kalmar Germany da akan gani a ɗaya fuskar gindin. Ruwan takubba da yawa daga birnin Solingen na Jamus aka shigo da su, aka yi musu ƙota da kube da zane a Amurka, kuma dokar harajin kaya ta McKinley ta 1890 ta wajabta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, aka fara aiki da wannan sharaɗi a 1891. Saboda haka idan an ga sunan ƙasar, kusan a tabbata takobin bai girmi 1891 ba. Wani lokaci akan ga ɗan ƙaramin kan sarki mai kambi ko kan jarumi, alamomin gidajen maƙeran Solingen biyu, Weyersberg da Kirschbaum, da suka haɗe a 1883. Wannan Solingen ɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba wajen dubu hamsin a shekara zuwa birnin, akasarinsu daga Solingen, maƙeran gida su yi musu ƙota dukawa su ɗinka kube. Ke nan gari ɗaya ne yake ciyar da barden sarki a Kano da magatakardan banki a Ohio, illa dai na Kano an wasa shi don sara, na Ohio kuwa siriri ne marar kaifi da ba a taɓa nufin ya yanki ko da kabewa ba.

Rashin kaifin nan da sirantar ruwa su ne suke raba takobin ƙungiya da na soja, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta. Samfurin ƙungiyoyi ya samo asali ne daga takubban dakarun sa-kai na jihohi na shekarun 1840 da 1850, waɗanda su ma suna da kan jarumi da ƙotar ƙashi da makarin hannu mai siffar gicciye, don haka mai sayarwa yana iya laƙaba wa takobin Pythias sunan yaƙin basasa, ko da gangan ko da rashin sani, ya ninka farashinsa. Abin da ke warware gardamar shi ne baƙaƙen ƙungiya da tambarin kamfani, domin takobin da ke ɗauke da Henderson-Ames ba zai yiwu ya ga yaƙin da aka gama shekaru ashirin da takwas kafin a kafa kamfanin ba.

Idan an san ƙungiya an san shekaru, sai maganar kuɗi, kuma a ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tsufa a matsayin daraja. Takobi mai shekara ɗari da ashirin tsoho ne ba shakka, amma idan an ƙera dubban irinsa kuma kusan duk suna nan, tunda ba a yaƙi da su kuma a jaka suke kwana, to masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Shi ya sa takobin Templar ko na Pythias na gama-gari, mai ruwan nikel, bai cika wuce ɗaruruwan daloli kaɗan ba ko da yana da kyau. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin samfuri da ingancin aiki. A tsarin Templar, ɗan ƙungiya na ƙasa yana rataya fari mai launin azurfa, wanda ya taɓa shugabantar reshe kuma yana rataya mai ruwan zinari, kuma da yake shugabanni ba su kai mabiya yawa ba, mai ruwan zinarin ya fi tsada. Sama da shi akwai takobin kyauta, wanda reshe yake haɗa kuɗi ya sa a yi wa wani babba, a rubuta a jikin kube wane ne ya bayar, wa aka ba, da ranar da aka bayar. Irin wannan yakan zo da sassaƙa ta hannu da ado mai launi da aka gasa a wuta, wani lokaci da azurfa ta gaske, kuma shi ne yake iya kaiwa dubban daloli a gwanjo. Takobin ƙungiyar da ta mutu da wuri shi ma yana jan hankalin masu tarawa, domin mai neman cike gurbi a tarinsa ba ya samunsa kullum.

Daga nan sai lafiyar kayan. Zanen da ke jikin ruwan takobi da sinadarin asid aka ci shi, kuma bai da zurfi, don haka sabo yana da fari-farin ƙasa kamar an barbaɗa gari, wanda zanen yake fitowa a kansa da sheƙi. Da zarar wani ya sa sandfefa ko man goge ƙarfe ya dirje shi don ya yi ƙyalli, wannan farin ya tafi ke nan, kuma rabin kuɗin takobin ya bi shi. Ana duba kube ko ya lotsa, ko zobban ratayarsa sun cika, ko ƙananan kusoshin da ke riƙe da adonsa suna nan. Ana duba sarƙar ƙota, domin ita ce ta fi saurin ɓata. Ana kuma gwada ko kuben na takobin ne tun asali, tunda a zauren ƙungiya takubba sukan cakuɗe bayan fareti, dillalai kuma sukan aurar da takobi marar kube da kube marar takobi. Idan sunan da ke kube ya saɓa da na ruwan takobi, ko alamar Pythias tana sama ta Templar tana ƙasa, ko takobin yana rawa a ciki, to an yi wannan aure. Takobin da ya zo da jakarsa ta fata mai sunan mai shi, da ɗamara da hula da takardar shaidar zama ɗan ƙungiya, ya fi wanda ya zo tsirara nesa ba kusa ba.

Sunan da ke jikin ruwan takobi yana da fuska biyu. Ga ɗan ƙungiya na yau mai neman takobin da zai rataya, sunan wani baƙo naƙasu ne, ko da yake wasu rassa suna karɓar tsofaffin takubba daga iyalai su ba sababbin shiga. Ga mai bincike kuwa sunan shi ne mafi amfani a jikin takobin gaba ɗaya, domin ƙungiyoyin nan sun iya ajiye rajista. Babbar majalisar Freemason ta kowace jiha tana da bayanan 'ya'yanta, katunan jihar Massachusetts daga 1733 zuwa 1990 ma suna kan intanet, kuma akwai gidan tarihi da ɗakin karatu na Scottish Rite, wani sashe na Freemason, a garin Lexington na wannan jiha da ke tara irin waɗannan kaya. Idan aka haɗa suna da lambar reshe da ke jikin kube, aka bi takardun ƙidayar jama'a da tsofaffin jaridu, sau da yawa akan gano sana'ar mutumin da garinsu da shekarar da ya hau matakin. Galibi za a tarar mai kanti ne ko likitan ƙauye ko ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma wannan ba ya ƙara ko sisi a kasuwa. Amma idan ya zamana gwamna ne ko janar ɗin yaƙin basasa, ko kuma aka tabbatar takobin ya fito daga rassan baƙaƙen fata irin na Freemason ɗin Prince Hall, waɗanda kayansu masu cikakkiyar shaida ba su da yawa a hannun jama'a, to lissafi ya sauya. Sharaɗin dai shi ne takarda, domin labarin baka na cewa kakan wane ya karɓa daga hannun wane ba ya shiga ma'auni a wurin gwanjo.

Ƙotar fara tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda abu uku ne suke kama da juna a ido: hauren giwa, ƙashi, da seluloid, wata roba ta farko-farko da aka fara yi a shekarun 1870 aka kuma ƙware wajen yi mata jijiyoyi irin na haure. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, wato hanyoyin jini da datti ya cike. Seluloid yana da layuka a miƙe, a jere daidai wa daida kamar an ja su da rula, kuma yakan yi warin kafur idan aka murza shi ya ɗumama. Haure na gaske jijiyoyinsa ba su da wannan daidaito, kuma inda aka yanke shi a gicciye akan ga layuka masu saƙa da juna kamar raga, sai dai a ƙotar takobi zobban ƙarfe sukan rufe wannan wuri. Tsohuwar dabarar soka allura mai zafi ba abin yi ba ce, domin tana barin tabo, seluloid kuma yana kama wuta nan take. A da, haure yana ƙara wa takobi kuɗi, amma yau yana iya hana shi sayuwa. Tun 2009 shafin cinikin intanet na eBay ya haramta sayar da kayan haure, a 2016 gwamnatin tarayyar Amurka ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin jihohi in ban da 'yan keɓantattun abubuwa, kamar kayan da aka tabbatar da takarda sun haura shekara ɗari ko waɗanda hauren da ke jikinsu bai kai giram 200 ba tare da wasu sharuɗɗa, jihohin New York da New Jersey da California kuma suna da nasu dokokin da suka fi tsauri. Birtaniya ma ta yi tata dokar a 2018, ta fara aiki a 2022. Saboda haka takobi mai ƙotar seluloid yakan fi mai haure sauƙin fita daga hannu, musamman idan za a tsallaka da shi iyaka.

Wanda yake son sanin abin da takobinsa zai kawo, kada ya dubi kuɗin da masu talla suka rubuta a intanet, domin kowa yana iya sa wa kayansa farashin da ya ga dama ya zauna shekara ba mai tayawa. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka sallama irinsa a kai, na ƙungiya ɗaya da kamfani ɗaya da lafiya iri ɗaya, kuma gidajen gwanjo da yawa suna barin sakamakon cinikinsu a fili. Daga wannan adadi sai a cire la'adar gidan gwanjo da kuɗin aikawa, wanda ba kaɗan ba ne ga abu mai tsawon kusan mita guda. Dillalin da zai saya don ya sayar dole ya taya ƙasa da haka, takardar ƙimar da ake yi don inshora kuma takan nuna sama da haka, tunda ita kuɗin sayen madadi take lissafawa.

Kafin a kai ga yanke shawarar sayarwa ko ajiyewa, abin da takobin yake buƙata kaɗan ne. A goge ruwansa da tsumma mai laushi, a shafa masa ɗan mai marar nauyi ko kakin da gidajen tarihi suke amfani da shi, a guji taɓa ƙarfen da yatsu tunda gumi yana barin tsatsa mai siffar yatsa, kuma kada a yi ƙoƙarin kwance kan jarumin don a leƙa ciki, domin tsohuwar ƙota takan tsage a wurin mayarwa. Jakar fatar kuma a raba ta da takobin a ajiye ta a gefensa, saboda fata tana riƙe laima, kuma ita ce take sa tagullar kube ta yi wannan kore-koren da ake gani a bakin zobba.